Ciwon sugan mai juna biyu ba na 'ya mace kaɗai ba ne

A ranar 14 ga Nuwamban 2025, Ranar Ciwon Suga ta Duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan kula da mai juna biyu da ke fama da ciwon suga. Alƙaluman da hukumar ta dogara da su sun nuna cewa kusan ciki ɗaya cikin kowane shida a duniya na haɗuwa da hawan suga, wato mata kimanin miliyan 21 a shekara, kuma mafi yawansu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Duk shawarar da likita zai bayar a kan wannan ciwo tana komawa ne ga abubuwa huɗu: abin da mace za ta ci, motsa jiki, gwajin jini a kai a kai, sai magani idan ya zama dole. A gidan Bahaushe kuwa, da wuya a samu ɗaya daga cikinsu da ke hannun matar ita kaɗai. Maigida ke cefane. Tukunya ɗaya ake ɗora wa gida duka. Fita sai da izini. Kuɗin gwaji da na magani daga aljihun wani suke fitowa.

Saboda haka asibitin da ya zaunar da mace ita kaɗai, ya karanto mata dokoki ya sallame ta, rabin aiki ya yi. Hausawa kan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma an faɗi hakan ne don mata su tausaya wa juna. Magidancin da ya mayar da maganar hujjar naɗe hannu ya bar matarsa da ɗansa cikin haɗarin da shi ya fi kowa ikon kawar da shi.

Yadda ciwon ke samuwa

Duk abincin da ke da sitaci, irin su tuwo da shinkafa da burodi da taliya, jiki na mayar da shi suga ne ya zuba a cikin jini. Sinadarin insulin shi ke kwashe sugan daga jini ya kai shi inda za a yi amfani da shi. Idan ciki ya yi nisa, mabiyiya takan fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin ƙarfi, domin abinci ya wadaci ɗan tayi. Jikin yawancin mata yakan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wadda jikinta ya kasa yin hakan, suganta sai ya hau.

Wannan na nufin mace ba ta jawo wa kanta ciwon da gangan ba, kuma ba ɗaukarsa ake yi ba. Ya fi samun wadda shekarunta suka ja, da mai ƙiba, da wadda ke da mai ciwon suga a cikin iyaye ko 'yan uwa na jini, da wadda ta taɓa haihuwar ƙaton jariri ko ta taɓa samun ciwon a cikin da ya gabata. Amma yana kama siririya ma, wadda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tare da ita.

Babbar matsalarsa ita ce yawanci ba ya nuna alama. Ƙishirwa da yawan fitsari da kasala, ko da sun zo, kowa zai ce laulayin ciki ne. Gwajin fitsarin da ake yi ranar awo ba ya isa ya tabbatar da shi ko ya kore shi. Sai an gwada jini.

Gwajin da WHO ta amince da shi tun 2013 ana yin sa ne galibi tsakanin mako na 24 da na 28. Mace za ta kwana ba ta ci komai ba na aƙalla awa 8, a ɗebi jininta da safe, a ba ta giram 75 na gulukos a ruwa ta shanye, sannan a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Idan na farko ya kai 92, ko na biyu ya kai 180, ko na uku ya kai 153 a ma'aunin miligiram, to tana da ciwon. A ɗaya ma'aunin da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi, lambobin su ne 5.1 da 10.0 da 8.5.

Tun daga wannan gwaji ake buƙatar mutanen gida. Mai ciki wata shida da ta kwana da yunwa, za ta zauna sama da awa biyu a asibiti, tana buƙatar wanda zai kai ta, da wanda zai riƙe mata yara, da wanda zai biya.

Ƙaton jariri ba kullum ne alamar lafiya ba

Sugan da ya yi yawa a jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Jikin yaron sai ya riƙa ƙera nasa insulin da yawa, yana mayar da sugan kitse. Wani babban bincike da aka wallafa a 2008, wanda ya bi mata sama da 23,000 a ƙasashe 9, ya nuna cewa gwargwadon hawan sugan uwa, gwargwadon girman jaririn, ko da hawan bai kai na cikakken ciwon suga ba.

A gidan suna, jaririn da ya wuce kilo 4 abin tubarkalla ne, har a yaba wa angon ƙarni cewa ya iya kiwo. A ɗakin haihuwa kuwa ungozoma ta san abin da hakan ke nufi. Kai na iya fitowa kafaɗa ta maƙale, jijiyar hannun yaron ta samu rauni. Naƙuda na iya tsawo, uwa ta ƙaru sosai ko ta zubar da jini. Doguwar naƙuda a gida ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, wanda Arewa ta daɗe tana fama da shi.

Ciwon yana kuma ƙara haɗarin hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Idan aka bar sugan ya yi ta hawa babu kulawa, yaro na iya mutuwa a ciki a makonnin ƙarshe. Wanda ya zo da rai kuma sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas cikin awannin farko, domin an yanke cibiya amma jikinsa bai daina fitar da insulin mai yawa ba. Ga kuma shawara da wahalar numfashi.

Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa.

Abin farin ciki shi ne ciwon na jin magani. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta ce kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na masu irin wannan ciwo, gyaran abinci da motsa jiki kaɗai ke isar su. Ma'ana, mafi yawan maganin yana cikin madafi da tsakar gida.

Wa ke yanke shawara?

Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano cewa kashi 44 cikin 100 ne kawai na matan aure ke da ta cewa a kan kula da lafiyar kansu. A fiye da rabin gidajen, miji ne ke yanke hukunci. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a faɗin ƙasar, kuma yankin Arewa maso Yamma shi ne na ƙarshe a wannan jadawali.

Ana iya jayayya a kan ko haka ya kamata abin ya kasance. Amma mace mai ciki wata bakwai ba za ta jira a gama wannan muhawara ba. Matuƙar iko na hannun maigida, to alhakin ma yana wuyansa. Wanda ya riƙe maƙullin ƙofa da jakar cefane ba zai ce bai san abin da likita ya faɗa ba.

Abu na farko da ake nema a wurinsa shi ne ya je asibitin da kansa, ko da sau ɗaya ne, ranar da za a yi bayanin sakamakon gwaji. Saƙon da mace ta kawo gida cewa “an ce in daina shan lemo, in riƙa cin ƙwai da kifi” yana iya zama abin zargi, a ce kwaɗayi ne ya sa ta ƙara gishiri. Idan maigida ya ji daga bakin likita, gani ya kori ji.

Cefane shi ne rabin magani

Ƙa'idar abincin ba ta da wuyar ganewa. A raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kamar zogale da rama da alayyahu da kabeji da kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu abin da ke gina jiki, kamar wake da ƙwai da kifi da nama da awara, sauran kashi ɗayan kuma tuwo ko shinkafa ko doya. A ci sau uku daidai wa daida, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar gyaɗa ko dafaffen ƙwai ko kindirmo marar suga.

Ba a ce mai ciki ta bar tuwo ba, kuma ba a ce ta zauna da yunwa ba. Yunwa na cutar da ita da abin da ke cikinta. Malmala ce za a rage, a ƙara miya. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi fes ba ya fi farar shinkafa da burodi jinkirin hawar da suga. Alale da ƙwai da safe sun fi koko mai suga da burodi.

Akwai kurakurai da masu kyakkyawar niyya ke yi. Acha da alkama sun yi suna a matsayin abincin masu suga, amma su ma sitaci ne, idan aka cika kwano za su hawar da shi. Zuma da dabino da rake duk zaƙi ne a wurin jini. Lemon kwalba mai rabin lita na ɗauke da suga sama da ƙaramin cokali goma, kuma lemon malt da ake kai wa mai ciki da sunan ƙarin jini bai bambanta da shi sosai ba. Haka zoɓo da kunun aya da fura idan an zuba musu suga, da shayi mai kauri.

Nan ne soyayyar maigida ke iya zama illa. Mutumin da ya saba shigowa da tsarabar lemo da kek da alawa don ya faranta wa mai ciki rai, kuɗin nan ne dai zai karkatar zuwa ƙwai da kifi da ganye. A wannan zamani na tsadar abinci ba kowa ke iya sayen nama kullum ba, amma wake da gyaɗa da waken suya da zogale suna kusa da talaka, kuma suna yin aikin.

Zai fi sauƙi idan gidan duka ya koma irin wannan ci. Ware wa mace ɗan kwanonta, alhali kowa na shan lemo a gabanta, horo ne da ba kowa ke jure masa wata uku ba. Kuma maigida ba asara zai yi ba. Wani bincike da masana a Jami'ar McGill da ke Kanada suka wallafa a 2015 ya gano cewa mazajen da matansu suka samu ciwon suga lokacin ciki sun fi sauran maza kamuwa da ciwon daga baya, domin kwano ɗaya suke ci, rayuwa ɗaya suke yi. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, an san abin da ake yi, balle gemun na cikin ɗaki ne.

Uwar miji da abokiyar zama

A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, girki kwana-kwana ne. Ranar da ba ita ke da girki ba, mai ciki abin da abokiyar zamanta ta dafa za ta ci. Idan maigida bai zaunar da su ya yi bayani ba, ƙwai biyun da ya sayo wa mai ciki na iya zama fitilar rigima, a ce an fifita ta. Adalci tsakanin mata bai hana a ba marar lafiya abin da likita ya rubuta mata ba, amma sai an faɗa a fili, an kuma nuna cewa duk wadda ta samu kanta a wannan hali haka za a yi mata.

Uwar miji da mahaifiyar matar su ma suna da babbar murya, musamman a cikin fari. Su ke cewa “ci ki ƙoshi, ku biyu ne.” Su ke kawo jiƙo. Kuma su ke yanke cewa a gida za a haihu, tunda su ma a gida suka haifi goma.

Bai kamata a ɗauki waɗannan iyaye abokan gaba ba, domin akwai abin da suka riga likita faɗa. Tun kaka da kakanni tsofaffi ke hana mai ciki shan zaƙi, suna cewa yana jawo doguwar naƙuda. A nan al'ada da asibiti sun haɗu. Inda suka rabu shi ne maganin zaƙi. Abin da tsofaffi ke kira zaƙi, wanda ake jiƙa saiwoyi don a wanke shi kafin haihuwa, daban yake da sugan da ke cikin jini. Jiƙon ba shi da ma'auni, ba a san yadda zai yi da ɗan tayi ko da maganin asibiti ba, kuma yana sa a saki jiki a ce an riga an sha magani. Ɗan da ya zauna ya ce, “Hajiya, maganarku ce likita ya tabbatar, sai dai ya ce a bar jiƙon a riƙa gwadawa da na'ura,” ya fi kusa da samun goyon baya fiye da wanda ya ce zamani ya wuce su.

Kunyar cikin fari ma tana da nata kason. Yarinya kan ɓoye ciki har sai ya fito, ba ta fara awo sai a wata na bakwai ko na takwas, lokacin da makonnin gwajin suga sun wuce. WHO ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, na farko a cikin makonni 12 na farko. Mijinta ne ya fi kowa saurin sanin akwai cikin, don haka shi ya kamata ya fara cewa a tafi awo.

Tafiya, na'ura da allura

Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan kowane cin abinci na sauke suga sosai, kuma jimillar rabin awa a rana ita ake so, sai idan likita ya hana saboda wani dalili. Ga matar da ke cikin kulle, zagaya tsakar gida ya wadatar. Ga wadda ke ɗaki ɗaya a gidan haya, maigida na iya fita da ita bayan sallar Isha su taka zuwa bakin layi su dawo. Masu cewa mai ciki ta kwanta kawai kada ta motsa ba gata suke yi mata ba.

Ƙaramar na'urar gwajin suga ta gida ita ce idon likita a cikin ɗaki. Ana gwadawa da safe kafin a ci komai, da kuma bayan abinci. Abin da aka fi nema shi ne na safe ya kasance ƙasa da 95, na awa ɗaya bayan ci ƙasa da 140, na awa biyu ƙasa da 120. 'Yan takardun da ake sa wa na'urar suna da tsada kuma suna ƙarewa, don haka a sa su cikin lissafin wata kamar yadda ake sa kuɗin makaranta. Wanda ba shi da halin gwaji sau huɗu a rana ya faɗa wa likita gaskiya a tsara masa abin da zai iya. Inda matar ba ta karatu, miji ko babban ɗa ko ƙanwa na iya rubuta lambobin a littafi a kai asibiti ranar awo.

Idan abinci da tafiya ba su isa ba, likita zai rubuta ƙwayar metformin ko allurar insulin. A nan ne dangi suka fi tayar da hankali, a ce wanda ya fara allura ba ya bari, ko za ta taɓa yaron. Insulin ba ya ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, kuma yawancin matan da ciki ne ya jawo musu ciwon suna ajiye allurar da zarar sun haihu. Rashin wutar lantarki ma ba hujja ba ce. Tukunyar ƙasa a cikin wata tukunyar, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana sanyaya kwalbar da ake amfani da ita. A dai kiyaye ta daga rana da jiƙewa.

Duk gidan da ake allurar insulin dole kowa ya san alamun faɗuwar suga: gumi, karkarwa, jiri, bugun zuciya, ruɗewa ko magana ba kan gado. Abu ne mai sauƙi a ce iska ce ta taɓa ta, a tafi neman mai ruƙiyya. Abin yi nan take shi ne a ba ta babban cokali ɗaya na suga a ruwa ko rabin kofin lemo, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, a garzaya asibiti.

Azumi ma magana ce ta gida. Likitoci na sa mai ciki da ke da ciwon suga cikin waɗanda azumi ke da haɗari a gare su, musamman mai shan magani ko allura, kuma Musulunci ya yi rangwame ga mai cikin da ke tsoron cutuwa. Mata da yawa na ɗaukar azumin ne don kunyar a gan su suna ci. Kalma ɗaya daga maigida ko uwar miji cewa “ajiye, Allah Ya yi miki sauƙi” ta isa ta cire wannan nauyi.

Shirin ranar haihuwa

Mai ciwon suga a asibiti ya kamata ta haihu, inda za a iya gwada sugan jariri a kuma yi aiki idan ta kama. Likita na iya cewa kada cikin ya wuce lokacinsa, a tayar da naƙuda ko a yi tiyata. Wannan magana a gama ta tun ciki na wata takwas, kada a bari sai mace na kan gado ana neman wanda zai sa hannu, wayarsa kuma a kashe.

Maigida ya ba da izini na dindindin, a gaban mahaifiyarsa da maƙwabta, cewa ko ba ya nan a fita da ita idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: motsin yaro ya ragu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, zubar jini, ko faya ta fashe. Ya tanadi lambar direba da ɗan kuɗin mota. A jihohi da dama na Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW na da tsarin kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. A Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Aikin maigida ne ya bincika tun da wuri wane asibiti ne a kusa da shi ke cikin tsarin.

Inda ake tsoron a wuce gona da iri

Akwai masu ganin cewa jawo miji da dangi cikin wannan lamari ƙara musu iko ne a kan mace, kuma tsoronsu na da tushe. Akwai mijin da zai mayar da kansa ɗan sanda, yana ƙirga loma, yana faɗa duk ranar da lamba ta hau. Akwai dangin da za su ce an auro musu mai ciwo. Akwai matar da ke ɓoye sakamakon gwaji don tsoron kishiya ko saki.

Shi ya sa WHO, a shawarwarinta na 2015 da suka goyi bayan shigar maza cikin kula da masu ciki, ta gindaya sharaɗin cewa a yi shi ta hanyar da ke mutunta zaɓin mace. Ita za a fara tambaya wa take so a kira: mijinta, ko mahaifiyarta, ko yayarta. Bazawara da wadda mijinta ya rasu ko ya tafi ci-rani suna da haƙƙin a duba su kamar kowa, kuma kada wani asibiti ya mayar da zuwa da miji sharaɗin ganin likita. Lambar da ta hau kuma ba shaidar rashin ji ba ce. Sinadaran mabiyiya na ƙaruwa ne yayin da ciki ke tsufa, don haka suga na iya hawa ko da mace ta kiyaye komai.

Asibitoci su ma da gyara a wurinsu. Ɗakin awo cike yake da mata, babu inda namiji zai zauna ba tare da ya ji kunya ba, wani lokaci ma korarsa ake yi daga bakin ƙofa. Ware rana ɗaya a wata don magidanta, ko ɗan bayani a takarda da Hausa, da boko da ajami, ko saƙon murya ta WhatsApp da mace za ta kunna wa mutanen gida, ba sa buƙatar kasafin biliyoyi. Jamhuriyar Nijar ta nuna hanya fiye da shekara 15 da suka wuce, lokacin da aka fara Makarantar Mazaje a jihar Damagaram da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu tare da ma'aikatan asibiti. Limamai da masu unguwanni a wannan ɓangaren iyaka na iya ɗaukar darasi, su sa ciwon suga cikin abin da ake faɗa wa maza.

Bayan suna

Da an haihu, a sa jariri a nono cikin awa ta farko. Dakashin da wasu gidaje ke matsewa su zubar shi ne abin da ke riƙe sugan yaron kada ya faɗi. Shayarwa kuma na rage wa uwar haɗarin ciwon nan gaba.

Yawanci sugan uwa na sauka bayan fitar mabiyiya, sai kowa ya manta. Ana shiga jego da kunu mai zaƙi da lemo katan-katan na 'yan barka. Amma wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2009 ya nuna cewa macen da ta samu ciwon suga lokacin ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon na dindindin har ninki bakwai. Yaron ma yana da ƙarin haɗarin ƙiba da suga idan ya girma.

Don haka ake so a sake gwada ta tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya zuwa uku, da kuma kafin wani cikin. Mako shida ya zo kusan daidai da arba'in, ranar da babu gidan da ke mantawa da ita. Idan mai jego ta je wanka gidan iyayenta, a sanar da su tun farko. Kafin a fara yawon arba'in, a fara biyawa ta ɗakin gwaji.

Wadda kuma aka tabbatar tana da ciwon na dindindin, sai ta daidaita suganta kafin ta sake ɗaukar ciki, domin gaɓoɓin ɗan tayi na haɗuwa ne a makonnin farko, tun kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu, kuma hawan suga a lokacin na iya jawo naƙasa. Wannan na buƙatar tazara tsakanin haihuwa, shawarar da mace ba ta yanke ta ita kaɗai.

Magidanci kan fara tanadin ragon suna tun ciki na wata biyar, kuma babu mai ganin baƙonsa. Kuɗin gwajin mako na 24, da na na'ura, da na ƙwai da wake, ya kamata su shiga wannan lissafi tun kafin ragon. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya abin da suka haifa.